Aikin wuyan Yaya: inda aka kwana da abin da muka kashe

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Na fara rubuta wannan ne saboda ni aka ɗora ma riƙe kuɗi da takardu, kuma na san halin gidanmu, nan da wata biyu wani zai tashi yace ina kuɗin da aka tara suka shiga. Yayana tela ne a Kasuwar Barci a nan Kaduna, shekararshi 44, sama da shekara ashirin kenan yana duƙe kan keke. Tun wajen Nuwamba yake kukan wuya, muka ce ai sanyi ne ya shige shi tunda hunturu ya kama, aka yi ta shafa man zafi ana gasawa da tawul. Yanzu abin ya sauko kafaɗar dama ya bi hannu har babban yatsa da manuni, yace kaman shokin ɗin lantarki, wani lokacin kuma yatsun su mutu kawai. Abin da ya tada min hankali ranar Asabar ina zaune a shagon ya kai minti biyar yana neman zura zare a allura ya kasa, mutumin da ko a duhun NEPA yana yi, ƙarshe yaron shago ya miƙa ma. Yau muka je wani asibiti kusa da gida, kati da ganin likita 10,000, eksire na wuya 12,000. Likitan yace eksire ƙashi kawai yake nunawa, jijiya da guringuntsi sai MRI.

Juma'a, 17 ga Janairu

An yi MRI, 130,000. Ya kusa rabin awa a cikin injin, ya fito yana cewa kaman an sa shi a kabari ana buga gwangwani. Sun bamu fim da faifan CD da takardar sakamako, turancin ciki ban gane komai ba sai C5-C6.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau muka ga ƙwararren likitan ƙashin baya a wani asibitin kuɗi a nan cikin gari, daga Abuja yake zuwa duk bayan sati biyu ranar Asabar, ganinshi 25,000. Mun zauna tun tara sai wajen ɗaya aka kira mu amma gaskiya zaman bai tashi a banza ba. Ya karkatar da kan Yaya ɓangaren dama ya ɗan danna, nan take Yaya yace wayyo ga shi nan har yatsa. Ya ƙwanƙwasa hannun da ƴar gudumar nan tasu, ya sa shi ya tura ya ja.

Sai ya ɗauko ƙashin roba da ke kan tebur ya mana bayani, zan rubuta yadda na gane don kar in manta. Wuyan mutum ƙashi bakwai ne a jere, C1 har C7, daga C2 zuwa ƙasa tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi da suke ce ma dis, shi ne kaman matashi, bayanshi tauri cikinshi laushi kaman kitse. Laka ta bi ta tsakiya, jijiyoyi kuma suna fita gefe-gefe su tafi hannu. Na Yaya faifan da ke tsakanin na biyar da na shida ne ya tsage, na cikin ya ɓullo ya danne jijiyar C6, ita ce mai zuwa babban yatsa da manuni, shi ya sa ciwon a wuya yake amma a hannu ake jinshi. Yace nan wajen da na ƙasanshi, C6-C7, su suka fi lalacewa a wuya, kaman yadda a ƙugu L4-L5 da L5-S1 ne suka fi.

Ni na zata daga nan zai ce a kawo kuɗin tiyata, sai naji yace a'a Malam ba yanzu ba. Yawancin irin wannan yana lafawa da kanshi cikin sati shida zuwa sha biyu, jiki yana tsotse abin da ya fito a hankali. Ya rubuta magani, pregabalin da diclofenac, da gashin ƙashi sau biyu a sati har sati shida, ya hana shi duƙawa kan keke. Ya ja kunnenmu kan abu uku, in ya fara tafiya yana tangaɗi, ko hannu biyu suka fara kasa sa maɓalli, ko fitsari ya fara ƙwace mishi, kar mu jira Asabar, lakar ce aka taɓa. Yaya yace Dokta azumi fa ya matso, ɗinkin sallah ne abincina na shekara. Yace na sani, ka yanka yara su ɗinka.

Magani 38,000, kwalar wuya 9,000.

Talata, 28 ga Janairu

Gashi na farko, 7,000. Sun ja wuyan da na'ura a hankali, sun koya mishi mayar da haɓa ciki. Maganin na sa shi barci da jiri.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau raina a ɓace yake. Ashe shekaranjiya ina wajen aiki Hajiya mahaifiyarmu ta sa aka kai shi wajen wani mai ɗori bayan gari, wai wata maƙwabciya tace ɗanta haka ya yi, targaɗe ne, ja ɗaya aka mishi ya miƙe. Mutumin ya zaunar da Yaya a tabarma ya zarga mishi rawani ƙarƙashin haɓa ya fizga sama ya murɗa, wai har an ji ƙas. Daren nan bai runtsa ba, a zaune ya kwana da hannu a kan kai, don haka kaɗai yake samun sauƙi. Matarshi ce ta kira ni ƙarfe biyu na dare tana kuka.

Ban iya ma Hajiya faɗa ba, uwa ce, ɗanta take gani yana ramewa, kuma ni kaina mai ɗori ne ya gyara min hannu ina firamare. Amma karaya daban wannan daban, a nan babu abin da ya goce balle a mayar, abu ne ya tsage daga ciki kusa da laka. Na durƙusa nace Hajiya don girman Allah duk wanda ya kawo wani magani a fara gaya min. Tace to, amma ba ta kalle ni ba. Na kira likitan a waya, ya tambayi ƙafa da fitsari nace lafiya, yace Allah ya taimake ku, a ci gaba da gashi amma a dakatar da jan wuyan na sati guda.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ciki ya fara mishi zafi, ashe yana ƙara diclofenac ɗin da kanshi kuma ba tare da ya ci abinci ba. An tsayar, an bashi omeprazole. Ƙarin magani 23,000.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Shago ya cika da shadda, Yaya na zaune a benci yana nuna ma yara da hagu.

Asabar, 8 ga Maris

Sati shida sun cika, gashi 12, kuɗinsu 84,000, kuma ba a samu abin da ake so ba. Ciwon na nan, ƙari ma yanzu almakashi na suɓuce mishi, buta ma da hagu yake ɗauka. Likita ya sa shi ɗaga tsintsiyar hannu yana dannewa, ta dama ta faɗi ba gardama. Yace to yanzu maganar ta canza, tunda ƙarfi ya fara tafiya jira ba riba, jijiyar da ta daɗe a danne ba lallai ta dawo duka ba.

Aikin iri biyu ne, kuma duka ta gaban wuya ake shiga ba ta baya ba, a tsaga kaɗan a cikin layin fatar wuya, a ture maƙogwaro gefe a isa ƙashin, a kwashe faifan da ya lalace gaba ɗaya a saki jijiyar. Bambancin shi ne me za'a cike gurbin dashi. Na ɗaya a sa wani ɗan keji da ƙashi a ciki, wani lokacin a ɗaure da farantin ƙarfe da sukurori, ƙasusuwan biyu su haɗe su zama ɗaya nan da wasu watanni, wannan tun shekarun 1950 ake yinshi kuma yana aiki sosai. Na biyu a sa faifan roba da ƙarfe wanda yake motsi, ƙarfe sama ƙarfe ƙasa, roba mai tauri a tsakiya, gaɓar ta ci gaba da lanƙwasawa. Hikimar ita ce in ka haɗe gaɓa ɗaya to na sama da na ƙasa su za su ɗauki aikinta, ana ganin hakan na iya sa su gaji da wuri, ga Yaya da sauran shekaru kuma sana'arshi ta wuya ce.

Amma ba kowa ake sa ma faifan ba, nan ne ya fi daɗewa. In ƙashi ya yi laushi, ko ƙananan gaɓoɓin baya sun cinye, ko wuyan na gocewa in an lanƙwasa, ko ƙashi ya riga ya tsiro ya cike wajen, ko akwai ciwo mai ƙwayar cuta kaman tarin fuka na ƙashin baya, to kuɗinka ba zai saya maka ba, haɗewa za'a yi. Don haka sai an yi hoton CT mai nuna ƙashi dalla-dalla da eksire na sunkuyawa da ɗaga kai.

Da muka fito Yaya yace ikon Allah, shekara ashirin ina ma mutane aikin wuya yau ni za'a ma aikin wuya. Rabon da inji ya yi dariya har na manta.

Laraba, 12 ga Maris

CT 75,000, eksire na lanƙwasa 18,000. Na biya ta ofishin kuɗi na karɓi takardar lissafi, ga ta nan yadda suka rubuta:

Faifan kanshi dala 3,200, sun lissafa a 1,550, ya kama 4,960,000. Likitoci har da mai sa barci 2,200,000. Ɗakin tiyata da na'urar hoto da kayan aiki 1,100,000. Gado kwana uku 450,000. Gwaje-gwaje 180,000. Magani da ruwa 250,000. Jimla 9,140,000.

In haɗewa ce komai ɗaya ne sai keji da faranti 2,100,000, jimla 6,280,000. Kenan bambancin 2,860,000 kuma duka a kan abin da bai kai faɗin murfin kwalba ba.

Wannan namu ne fa, a wannan asibitin a wannan watan, gaɓa ɗaya, kar wani ya ɗauka ya tafi dashi wani wuri yace haka ake yi. Abin da na fahimta shi ne fiye da rabin kuɗin ba na asibitin bane ma, na kamfanin da ke shigo da faifan ne daga waje, kuma da dala suke magana. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dalar gwamnati ba ta kai 500 ba, a Maris ɗin 2025 ta haura 1,500, kai ka yi lissafin. Na tambayi maganar inshora, ni ina cikin NHIA, inshorar lafiya ta tarayya, ta wajen aiki amma ni ne da mata da ƴaƴa huɗu, ɗan'uwa baya ciki, Yaya kuma bai taɓa yin rajistar KADCHMA, inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ba, kullum sai yace sai ya samu lokaci. Don haka aljihu ne.

Litinin, 17 ga Maris

Baffa yace kar a yanka mutum a kan maganar likita ɗaya, kuma gaskiyarshi. Mu nan ba mu rasa inda za mu ba, ga asibitin Barau Dikko da na sojoji na 44 a cikin gari, ga na Shika a Zariya, ga asibitin ƙashi na Dala a Kano, ga Abuja in ka hau jirgi a Rigasa. Muka samu hanyar ganin wani babban likita a ɗaya daga cikin asibitocin gwamnati, mota da komai 30,000. Dattijo ne, ya ɗaga fim ɗin a hasken taga ya daɗe yana kallo. Yace aikin kam ya kama, kuma CT ya yi kyau, in ana son faifan Yaya ya cancanta. Amma yace in gaya muku gaskiya ciwon hannun nan duka biyun za su ɗauke shi daidai, don sakin jijiyar ne ke warkarwa ba abin da aka cusa ba, kuma gaɓa ɗaya in an haɗe ba zai ma lura wuyanshi ya rage juyawa ba. In kuɗin zai sa ku tsiya ku haɗe ku kwana lafiya. Ya kuma ce duk wanda zai sa faifan ku tambaye shi guda nawa ya taɓa sawa.

Akwai kuma wani ejan da aka haɗa ni dashi a WhatsApp mai kai mutane Indiya da Masar, ko MRI bai nemi gani ba ya turo min farashi da hoton otal. Da na haɗa tikitin mutum biyu da biza da masauki na ga ba sauƙi a ciki, kuma in wani abu ya taso bayan an dawo wa za mu kama. Na daina ɗaga wayarshi.

Asabar, 22 ga Maris

An yi zaman gida bayan tarawi jiya. Ni ra'ayina a haɗe, na faɗa a fili, miliyan uku ba wasa bace kuma dattijon nan ya gamsar da ni. Yaya yace wuyan nashi ne, yana tsoron nan da shekara goma a ce na sama ya tafi a sake yanka shi lokacin ba fili ba ƙarfi. Nace ai faifan ma ba garanti bane. Yace ya sani. Aka tsaya kan faifai, na yi shiru tunda yaya ne.

Yau na yi ma likita tambayar da dattijon yace, kunya kaman ta kashe ni, amma bai ji haushi ba, ya faɗi adadin ya nuna min hotunan wasu a waya ba suna, yace haɗewa ya fi yi nesa ba kusa ba. Ya kuma ce za'a sa hannu kan duka biyun, keji zai kasance a ajiye a ɗakin, in ya buɗe ya ga faifan ba zai zauna ba haɗewa zai yi.

Sai kuma ga sabuwa. Gwajin jini ya nuna suga, wanda ke auna na wata uku ɗin nan, HbA1c, ya fito 8.9. Ba wanda ya san Yaya na da suga, shi da shayi da madara kullum sau uku, ga lemon kwalba da buɗa baki. Likitan sa barci tace ba za ta taɓa shi a haka ba, ciwo baya warkewa da kyau kuma in ƙwayar cuta ta kama wajen ƙarfen an shiga uku. An sa shi a metformin, na sayo na'urar gwaji da tsinkenta, duka da magani 47,000. Sauran lafiya, jini AA, yawan jini (PCV) 41, zuciya ba laifi. Taba kam dama baya sha, wai ita ma tana hana ƙashi haɗewa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Rabin kostomomi sun kwashe kayansu tun tsakiyar azumi. Barka da sallah.

Asabar, 5 ga Afrilu

Suga na safe yana yawo 150 zuwa 170, ana so ya ƙara sauka. A layi na zauna kusa da wani direban tirela, shi nashi a ƙugu ne, ciwon na bin ƙafa har ɗan yatsa, ya zo da niyyar shi ma a sa mishi faifai don yaji labari. Ya fito yana ce min wai likita yace na ƙugu ta ciki ake shiga a kauce ma manyan jijiyoyin jini, aiki ne babba kuma ba kasafai ake yi ba, shi nashi ɗan guntun da ya fito kawai za'a tsinke ta baya. Kaman ma bai ji daɗi ba da aka ce nashi mai arha ne.

Talata, 15 ga Afrilu

Kuɗi. Filin gadonmu na Rigachikun mun sayar, bayan la'adar dillali 4,500,000 suka shigo, kuma wallahi ya fi haka, amma mai saye ya ji ƙanshin asibiti, da ya ga muna sauri sai ya kwanta. Ƙannenmu mata biyu duk sun yafe kasonsu, Allah ya saka musu. Bashin kofaretib na wajen aikina 1,500,000, za'a dinga cira a albashi wata 18. Injin ɗinkin wuyan riga na shago an sayar 900,000. Ƴan'uwa da surukai 1,400,000. Abokan sana'arshi na kasuwa suka yi karo-karo 350,000, wani tsoho mai guga ya kawo 2,000 a ƙulle a leda, wannan ta fi taɓa ni. Matar Yaya ta kai ɗan kunne da sarƙarta 800,000 ba tare da ta gaya mishi ba, har yanzu bai sani ba, in ya karanta nan ya sani. Jimla 9,450,000.

Na je biya sai aka ce kamfanin sun sake lissafi a 1,620, dala ta motsa a farkon wata. Faifan ya koma 5,184,000, ƙarin 224,000 a kan abin da yake ajiye a kabad ɗinsu tun bara ƙila. Na yi magiya na yi faɗa, yarinyar ofishin tace Oga ba mu bane. Na biya 9,364,000. Da na sani tun Maris na fara biyan na faifan.

Laraba, 30 ga Afrilu

Suga ya sauka 110 zuwa 125. An sa rana, Asabar 3 ga Mayu. Ni da ƙanin matarshi mun bada jini leda biyu a ajiye ko da za'a buƙata.

Asabar, 3 ga Mayu

Ba a yi ba. An kwantar dashi tun jiya, ba ci ba sha tun sha biyun dare, an sa mishi riga da ruwa, mutumin kamfani ya iso da akwatinshi mai faifai girma-girma, Hajiya na waje da carbi tun asuba. Ƙarfe goma sha ɗaya likita ya fito da kanshi yace na'urar hoton da ake gani da ita ana cikin aiki, mai kama da harafin C ɗin nan, ta ƙi kawo hoto tun da aka canza wuta zuwa janareta. An kira injiniya ya zo ya buɗe yace wani allo ne ya ƙone sai an aiko daga Legas. Nace Dokta ba za'a iya ba ita ba? Yace haɗewa ma ba zan yi ba ita ba balle faifai, dole in ga ina kan gaɓar da ta dace, kuma faifan sai ya zauna daidai tsakiya, in ya karkace ko kaɗan motsin ya lalace. A lokacin haushi naji, yanzu da na huce na ga gara haka.

Abin da bai min daɗi ba shi ne asibitin sun caje mu gadon daren 60,000 wai ai ya kwana, kuma wasu gwaje-gwajen sai an sake, 35,000. Na nemi ganin manaja aka ce ya fita. Hajiya tace alama ce Allah ya nuna a fasa, da ƙyar Baffa ya shawo kanta.

Juma'a, 16 ga Mayu

An sake kwanciya. Kafin in yarda sai da na sa aka kunna na'urar na gani da idona. Barci ya ƙi zuwa ina ta karance-karance a waya, ashe faifan nan na zamani a asibitin Charité na Balin aka faro shi, Jamus ta Gabas, an fara sa ma mutum a ƙugu a 1984, kuma ɗaya daga cikin likitoci biyun da suka ƙirƙira, Karin Büttner-Janz, ƴar wasan alkafura ce da ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1972. Amurka ba ta amince dashi ba sai 2004, na wuya kuma 2007. Na karanta ma Yaya yace to Allah ya sa ba alkafura zai sa ni ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Alhamdulillahi an yi. An shiga dashi tara da kwata, an fito sha biyu saura. Faifan ne ya zauna, keji ya koma akwati, jini ma ba a ƙara ba. Likita ya nuna min guntayen da ya ciro a ƴar kwalba, fari-fari kaman dafaffen guringuntsin kaza, abin da ya ci mana fili kenan. Da ya farfaɗo magana ta farko da ya yi ita ce hannun ya yi shiru. Muryar dai a dishe.

Talata, 20 ga Mayu

An sallame mu. Tun washegari suka tada shi ya yi tafiya. Haɗiya na mishi wuya, kunu ba suga da faten dankali kawai yake iya sha, an ce saboda ture maƙogwaro da aka yi ne kuma zai wuce, dishewar ma haka, akwai jijiyar murya a hanyar. Yatsun biyu har yanzu a mace. Kwala ta kwana kaɗan ce kawai, wai ana so wuyan ya motsa. An bashi maganin kumburi na sati biyu don kar ƙashi ya tsiro ya kewaye faifan ya daskarar dashi, in hakan ta faru an koma haɗewa kenan da tsadar faifai, amma saboda cikinshi an canza mai sauƙi an haɗa da omeprazole. Magani 42,000. Ba ɗaukar abin da ya fi buta, ba hawa mashin ko Keke Napep a ramukan unguwarmu.

Asabar, 31 ga Mayu

An duba ciwo, ya kame tsaf. Murya ta dawo, yana cin tuwo. Manuni ya fara jin taɓi.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar sallah, bana ba layya a gidan. An aiko da nama ya ishe mu.

Asabar, 28 ga Yuni

Sati shida. Eksire na sunkuyawa da ɗaga kai 18,000, faifan na nan tsakiya kuma ana ganin ya buɗe ya rufe a hoto biyun. Tsintsiyar hannu ta yi ƙarfi amma ba ta kamo ta hagu ba, kan babban yatsa har yanzu kaman an naɗe da auduga, likita yace jijiya a hankali take dawowa, a bashi watanni, kuma yana iya yiwuwa ɗan wajen ya zauna haka. Gashi huɗu bayan aiki 28,000.

Lissafi zuwa yau: kafin aiki 576,000, asibiti da faifai 9,364,000, abin da ya biyo baya har da daren da aka ɓata 183,000. Duka 10,123,000. Na farkon daga ajiyar shago da aljihuna ne, kuɗin da aka tara sun gaza da 97,000 na cike daga albashi. Rasit duk suna cikin jakar fim ɗin MRI a ɗakin Hajiya, mai son gani ya je.

Har yanzu ina ganin da haɗewa aka yi da injin da sarƙar suna nan, Yaya kuma yana ganin nashi, ba mu sake tada maganar ba. An bashi izinin komawa shago rabin yini daga Litinin, minti talatin kan keke ya tashi ya miƙe. Na yi magana da kafinta zai ɗaga teburin yanka da inci shida, yace 22,000, nace sai an yi albashi. Gwajin suga na wata uku ranar Alhamis, rajistar KADCHMA ni zan kai shi da kaina, komawa wajen likita kuma 23 ga Agusta.